Darasi: Sabon Murhun Lantarki Mai Ɗauke Wutar Gida

Murhun lantarki ya fi kowane kayan gida shan wuta. Ƙwan fitila na zamani yana shan wat 9 ko 12, fankar sama kamar wat 70, ƙaramin firji bai cika wuce wat 150 ba. Amma murhu mai kai ɗaya, wanda ake ce wa hot-filet, yana shan wat 1,000 zuwa 1,500. Mai kai biyu yana kai wa 2,000 zuwa 2,500. Babba kuwa, mai kai huɗu da tanda a ƙasa, wanda ake kira kuka, yana iya haura wat 7,000 idan an kunna komai. Ke nan kan murhu guda yana shan abin da ƙwan fitila wajen ɗari ke sha.

A gari irin Sundimina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da garuruwan ƙasar Gwaram da ke maƙwabtaka da ita, itace da kara da gawayi su ne tushen girki tun kaka da kakanni. Tsadar kananzir da gas, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ta sa wasu gidajen da ke da layin wuta suka koma sayen murhun lantarki, wasu kuma ana sako musu shi cikin kayan ɗakin amarya. To sai dai yawancin gidajen an yi musu wayarin ne don fitila da fanka da cajin waya. Ba wanda ya yi lissafin tukunyar wake lokacin da ake ja musu waya. Shi ya sa ake yawan ganin an kawo sabon murhu fil a kwalinsa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ko daga Dutse, an jona, an murɗa makunni, sai a ji ƙas, gida ya yi duhu alhali maƙwabta na da wuta.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Na'urar da ta yanke wutar aikinta ta yi, kuma akwai abin da ta gani. Gyaran yana wajen gano abin da ta gani ɗin.

Masu gadin wutar gida

Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, tun da ya karɓi aikin a watan Nuwamban 2013, ana so ta iso gida da ƙarfin bolt 230. Bolt shi ne matsin da ke tura wutar. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin kwata. Wat kuma shi ne aikin da wutar ke yi. Idan aka raba wat da bolt, sai a sami amfiya. Murhu mai wat 2,500 a raba da 230, ya ba da amfiya kusan 11. Kuka mai wat 7,000 tana jan amfiya 30 da ɗoriya. Wannan ɗan lissafi shi ne mabuɗin darasin gaba ɗaya, kuma adadin wat ɗin yana rubuce a jikin ɗan allon da ke manne a bayan murhu ko a ƙarƙashinsa.

Wayoyi uku ne ke zuwa wa murhu. Akwai mai kawo wuta, ja ko ruwan ƙasa. Akwai mai mayar da ita, baƙa ko shuɗiya. Akwai kuma wayar ƙasa, koriya ko koriya da ratsin rawaya, wadda ke haɗa gangar jikin murhun da wani ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. Masu sana'a suna ce musu layif da nutural da atin. Idan komai lafiya, wayar ƙasa ba ta ɗauke da wuta ko kaɗan; tana jiran ranar da za a sami matsala ne.

Masu gadin kuma iri-iri ne. Mafi tsufa shi ne fiyus, wata siririyar waya da ke narkewa idan wuta ta yi mata yawa. Akwai shi a cikin filogi mai ƙafa uku, inda aka rubuta 13A, akwai kuma na tangaran a jikin allon wuta na tsofaffin gidaje. Sai bireka, ƙaramin makunni mai lamba a goshi, kamar 6 ko 10 ko 20 ko 32, wadda ke faɗuwa da kanta. Hanya biyu take faɗuwa. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa a hankali idan ya ɗumama, wannan shi ke kula da nauyin da ya wuce kima. Akwai kuma maganaɗisu da ke fizge makunnin cikin ƙiftawar ido idan waya mai kawo wuta ta taɓa mai mayarwa. Aikin fiyus da bireka shi ne kare waya daga ƙonewa, da kare gida daga gobara.

Ta uku ta sha bamban. Ita ce bireka mai gano yoyo. Ta fi sauran faɗi, tana da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T, kuma an rubuta RCD ko RCCB ko ELCB a jikinta, galibi da lambar 30mA. Ita ba ruwanta da nauyi. Awo take yi tsakanin wutar da ta shiga da wadda ta dawo. Idan wadda ta dawo ta gaza, to wani ɓangare ya zurare ta wata hanya, ko ta jikin ƙarfen murhu, ko ta jikin mutum. Miliamfiya 1,000 ne ke yin amfiya guda, don haka 30 ɗan mitsitsin abu ne. Amma jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun daga miliamfiya 1, a wajen 10 zuwa 15 hannu yana iya ƙanƙame abin da ya riƙe ya kasa saki, idan kuma ta haura 50 ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Bireka mai lamba 20 ba za ta ko motsa ba a kan wannan. Mai gano yoyo ce kaɗai ke gadin rai.

Mitar kati ita ma tana iya yanke wuta idan aka wuce iyakar nauyin da aka saita mata, ta kuma dawo da ita bayan ɗan lokaci. Ita da babban fiyus ɗin da ke gabanta kayan kamfani ne, ba a ɓalle hatiminsu. Ofishin kamfani ake kai ƙorafinsu.

Tambayoyi biyu

Ƙwararren mai gyaran wuta idan ya shigo gida, kafin ya ciro sukundireba yakan tsaya a gaban allon wuta ya ce, "Maigida, wacce ce ta faɗi a cikinsu?" Sannan ya juya wajen mai girki: "Hajiya, kina kunnawa ta ɗauke, ko sai da tukunya ta fara zafi?" Amsar waɗannan tambayoyi biyu ta ci rabin aikin, kuma mutanen gida za su iya samo ta da kansu ba tare da sun kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Ga yadda ake yi. A kashe duk kawunan murhun, a zare filoginsa ko a kashe makunninsa na bango. A zazzare sauran kayan wuta na gidan. Da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafa, a ɗaga birekar da ta faɗi. Idan ta ƙi tsayawa alhali ba abin da ke jone, to laifin yana cikin wayarin gidan, murhu ba shi da hannu. Idan ta tsaya, a jona murhun shi kaɗai ba tare da an kunna kowane kai ba, a jira. Sannan a kunna kai ɗaya a ƙaramin zafi, a duba agogo. A kashe shi, a gwada na biyu, haka har a kai ga tanda. A rubuta abin da aka gani: wane kai, wace bireka, bayan minti nawa. Sau ɗaya ko biyu ya isa. Bireka da ake ta ɗagawa tana faɗuwa tana tartsatsi, cikinta ƙonewa yake yi.

Idan nauyi ne ya yi yawa

Alamarsa ita ce ƙaramar bireka mai lamba ta faɗi bayan minti biyar, ko goma, ko ashirin, ta kuma yi ɗumi idan an taɓa ta. Kowane kai shi kaɗai yana aiki lafiya, sai an haɗa su, ko an kunna wani abu a wani ɗaki, sannan wuta ta ɗauke.

Wannan shi ne dalilin da aka fi samu, kuma yana da alaƙa da yadda wutar ke zuwa. Inda wuta ba ta wuni, da zarar yara sun ɗauki ihun "An kawo wuta!" kowa sai ya ruga ga abin da yake jira. Uwargida ta ɗora wake a kai ɗaya, miya a ɗaya. Amarya ta tsoma hita a bokiti. Saurayin gidan ya jona dutsen guga saboda kayan Juma'a. Wani ya kunna butar lantarki don shayi. A lissafa: murhu amfiya 11, hita mai wat 1,500 amfiya 6 da rabi, dutsen guga mai wat 1,200 amfiya 5, buta mai wat 2,000 kusan 9. Jimla ta haura 31. Idan duk soket-soket ɗin gidan suna kan layi ɗaya mai birekar 20, dole ta faɗi, kuma daidai ta yi.

Magani na kusa shi ne a raba lokaci: in ana girki, a dakata da guga da hita. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne a ja wa murhu layinsa shi kaɗai tun daga allon wuta. Fitilu ana ja musu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, babbar kuka kuma tana buƙatar waya mai 6, da birekar 32, da makunnin bango na musamman mai ɗaukar amfiya 45. Filogi mai ƙafa uku da fiyus a ciki iyakarsa amfiya 13, wato wat 3,000 ke nan. Duk murhun da ya wuce haka ba na filogi ba ne, kai tsaye ake haɗa shi.

A nan ne ake tafka kuskure mafi muni. Wani sai ya ce birekar ce ƙarama, ya cire ta 20 ya sa ta 40 ko 63 a kan siririyar wayar da take nan. Wani kuma fiyus ya ƙone, ya tsinko gashin waya mai kauri ya naɗa a gurbinsa. Wuta ta daina ɗaukewa, kowa ya ce an gyara. Amma wayar da ke cikin silin ita ta koma fiyus ɗin. Tana zafi, robarta na laushi tana tsagewa, a wurin da ba mai gani, kusa da katakon rufi. Da hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙayau iska kuma na kaɗawa, ɗan tartsatsi ya isa. Lambar bireka da kaurin waya tare suke tafiya. Ba a ƙara ɗaya a bar ɗaya.

Ingancin wayar ma abin dubawa ne. Akwai wadda ake sayarwa da araha, a ido jan ƙarfe ce, amma idan aka kankare ta da wuƙa sai farin alminiyam ya bayyana. Irin wannan ta fi saurin zafi da karyewa a wurin ɗauri. Haka nan dogayen wayoyin jone-jone masu soket huɗu ko biyar da ake sayarwa a tebur: don cajin waya da rediyo aka yi su. Ba a jona murhu a kansu.

Akwai kuma matsalar da bireka ba ta gani sam, wato sako-sakon ɗauri. Ƙusar da ba ta matse waya ba, ko soket da bakinsa ya buɗe filogi na rawa a ciki, wurin yana zafi ko da nauyin bai wuce kima ba. Ana gane shi da warin ƙonanniyar roba mai kama da ƙarnin kifi, da baƙi-baƙi a bakin soket, da filogin da ba ya taɓuwa don zafi. In an ga haka, a daina amfani da soket ɗin sai an canza shi.

Idan yoyo ne

Idan mai faɗin nan mai maɓallin T ce ke faɗuwa, to wuta na zurarewa zuwa ƙasa. A sabon murhu, abin da ya fi jawo haka shi ne danshi, kuma sai an san yadda aka ƙera kan murhun za a gane dalili.

Abin da ke yin zafi a ciki wata siririyar waya ce naɗaɗɗiya, ta gaurayen ƙarfen nikel da kuromiyam. An zura ta cikin bututun ƙarfe, ko an kwantar da ita a ƙarƙashin faifan da ake ɗora tukunya. Tsakaninta da ƙarfen waje an ɗura wani farin gari mai hana wuta wucewa amma yana barin zafi ya wuce. A cikin bututu, garin maganiziyam oksayid ne. Aibinsa ɗaya: yana zuƙar laima kamar yadda gishiri ke yi da damina. Murhun da aka ƙera a ƙasar Sin ko Turkiyya ya yi makonni a kan teku, ya zauna a tashar jirgin ruwa ta Legas, ya kwana a sito a Kano, wataƙila kuma ya ƙara wata uku a ɗakin ajiya ana jiran ranar biki cikin ruwan Agusta. Duk tsawon wannan lokaci bai taɓa yin zafi ba. Ranar da aka kunna shi, garin nan mai laima sai ya ba wuta 'yar hanya zuwa gangar jiki, daga nan ta bi wayar ƙasa, mai gano yoyo ta gani ta yanke.

Yoyon danshi yana da halinsa. Sau da yawa ba ya ɗauke wuta nan take. Sai kan ya yi minti biyu ko biyar, zafi ya kori laimar ta taru a bakin bututun inda ya fi sanyi, sannan bireka ta faɗi. Kuma yakan zama kai ɗaya ne ko tandar kaɗai ke yi, sauran lafiya lau. Idan haka ne, akan kunna wannan kan shi kaɗai a mafi ƙarancin zafi, ba tukunya, mutum na tsaye bai taɓa murhun ba. In danshi ne, kowane karo zai fi na baya daɗewa kafin ya ɗauke, har ya bushe ya daina. In kuwa lokacin raguwa yake yi, ko ana murɗawa take faɗuwa, to ba danshi ba ne kawai, a tsaya nan. Mai gyara yana iya ciro kan ya gasa shi a wata tandar ya busar, ko ya tabbatar cewa a fashe yake.

Akwai wata gurguwar dabara da ake yi, wadda ya wajaba a san ta don a ƙi ta: a cire wayar ƙasa daga filogi ko daga bayan murhu. Nan take wuta za ta daina ɗaukewa, domin yoyon ya rasa hanyar bi. Amma bai gushe ba. Yana nan a jikin ƙarfen yana jiran hanya, kuma hanyar ita ce matar da za ta zo da jiƙaƙƙen hannu daga wanke shinkafa, ƙafarta ba takalmi a kan simintin da aka yi wanke-wanke, ta kama hannun tukunya. Duk mai gyaran da ya kawo wannan shawara, a sallame shi.

Gaskiyar magana ma, gidan da wutarsa ke ɗaukewa saboda yoyo ya fi wanda ba ta ɗaukewa sa'a. Gidaje da yawa ba su da mai gano yoyo, wasu ko wayar ƙasa ba su da ita. A irin waɗannan ba abin da ke faɗuwa. Alamar kawai ita ce a ji mai girki ta ce, "Tukunyar nan tana ɗan ja na." Wasu matan har sun saba, suna naɗe ludayi da tsumma ko su taka kwali. Wannan jan da ake rainawa shi ne yoyon da ake magana, kuma ranar da ƙasa ta jiƙe zai iya zama na ajali. Murhun da ke ja ba a sake kunna shi sai an gyara.

Wani lokaci kuma murhun ɗan ƙarashe ne kawai. Mai gano yoyo ta 30 tana iya faɗuwa tun daga miliamfiya 15. Tsohon firji na yoyon kaɗan, injin jan ruwa na yoyon kaɗan, wata waya a bango ta sha ruwan sama. Duk ba su kai ba, sai sabon murhu ya ƙara nasa mudu ya cika. Ana gane wannan idan murhun shi kaɗai yana aiki lafiya, amma da an mayar da sauran kayan sai wuta ta ɗauke. A riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Kuskuren haɗi

Idan tun ranar farko, da an ba murhu wuta ko da an murɗa kowane kai take ɗaukewa, a zargi haɗin da aka yi a bayansa. Wayar dawowa da wayar ƙasa suna iya musanya gurbi. Gashin waya guda yana iya tserewa daga ƙusa ya taɓa ƙarfe. Murfin baya yana iya danne waya ya yanka robarta. Manyan kukoki da yawa kuma an yi su ne don su yi aiki da layi ɗaya ko da layi uku, don haka suna zuwa da ƙusoshi biyar ko shida da wasu 'yan gadoji na tagulla da ake jerawa gwargwadon irin wutar gidan. Zanen jerin yana manne kusa da ƙusoshin. Wanda bai karanta shi ba, ko dai rabin kawunan su ƙi kamawa, ko a ji fashewa. Wannan ba aikin maigida ba ne, ba kuma na yaron maƙwabta mai ɗan ƙoƙari ba.

Ƙarfen ƙasa

Wayar ƙasa ba ta da amfani in ba ta kai ƙasa da gaske ba. Ƙarshenta sanda ce ta ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, mai tsawon ƙafa huɗu zuwa shida, da ake kafawa a waje. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, dutse kuma ya fi ta ƙi. Ƙasar Birnin Kudu mai duwatsu ce, kamar yadda Dutsen Habuɗe da sauran duwatsun garin ke nunawa, rani kuma yana da tsawo. Sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya zama ta jeka-na-yi-ka a watan Maris. Don haka akan zaɓa mata wuri mai laima, a zurfafa, wani lokaci a kafa biyu a haɗe su. Masu aiki sukan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, sai dai gishiri na cin ƙarfe, don haka a riƙa duba maɗaurin ko ya yi tsatsa. Maɓallin T na mai gano yoyo kuma a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni lokacin da akwai wuta. In bireka ba ta faɗi ba, ta mutu, a canza ta.

Raunin wuta, janareta da sola

Inda gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ko gida yana can ƙarshen layi, wuta takan zo da rauni, abin da ake ce wa lo-karan. Hot-filet ba ya ɗauke wuta saboda wannan, sanyi kawai yake yi: mai wat 1,500 idan bolt ya sauka zuwa 180, zafinsa bai fi na wat 900 da 'yan kai ba, tuwo ya ƙi nuna. Murhun gilashi mai aiki da maganaɗisu kuwa yakan kashe kansa ya nuna wata lamba a fuskarsa, wadda ma'anarta ke cikin ɗan littafinsa.

Ƙaramin janareta na gida bai kai wat 1,000 ba, ko kai ɗaya ba zai ɗauka ba. Matsakaici, mai ba da wajen wat 2,000, zai yi nishi ya mutu in an haɗa masa kai biyu. Sola ma haka: batir mai bolt 12 da lamba 200 yana ajiye abin da bai wuce yunit biyu da rabi ba, kuma rabinsa ake so a sha, kan murhu guda zai lashe shi kafin awa ɗaya. Abin da ya dace shi ne a ja layin murhu ta yadda ba zai bi ta makunnin sauya wuta zuwa janareta ko inbata ba.

Aikin mai gyara da haƙƙin mai saye

Testa mai ɗan ƙwai a gindi tana nuna akwai wuta ne kawai, ba ta auna yoyo. Mai gyaran kirki yana zuwa da na'urar da ake ce wa mega, wadda ke tura bolt 500 tsakanin wayar kan murhu da gangar jikinsa bayan an raba shi da wuta. Lafiyayyen kai yana nuna megom 1 ko fiye, galibi fiye nesa ba kusa ba. Yana da na'ura mai baki kamar awartaki da ke auna amfiya a jikin waya, yana kuma gwada ko wayar ƙasa ta isa sandarta. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin takardar shaida, kuma ba laifi ba ne a ce, "Malam, ko za mu ga takardarka?"

Idan awo ya nuna kan murhun a lalace ya zo, a mayar wa mai shago. Saboda haka a adana rasit da kwali da takardar garanti, kada kuma a bari a kwance cikin murhun kafin a yi magana da shi, domin wanda aka riga aka farke ba a cika karɓarsa ba. Zai fi kyau tun a shago a sa a jona shi, a kunna kowane kai har ya yi zafi.

Idan wuta ta kama mutum ko ta tashi

Wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu. A kashe babban makunni, don haka kowa a gidan, har da mata da manyan yara, ya san inda yake, kuma kada a jibge buhuna a gabansa. In ba a kai gare shi ba, a ture mutumin da busasshen itace, kamar muciya ko taɓarya busasshiya, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman mota. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin wuta na iya taɓa zuciya ko ta ƙona nama ta ciki ba tare da babban tabo a fata ba. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibitin yankin. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa matuƙar ba a yanke wutar ba, man da ya kama a kasko kuwa ba a watsa masa ruwa sam, rufe shi ake yi da murfi. Bokitin busasshen yashi a ƙofar kicin yana kashe ƙaramar wuta a soket ko a waya, bayan an sauke babban makunni.